Ranar da Aka Tace Mana Wuta

Ni dai Allah ya yi ni da zargi, aikin koyarwa kuma ya ƙarasa ni. Duk wadda ta yi shekaru tana zagaya aji lokacin jarrabawa, tana kallon yarinya na sosa gwiwa alhali babu sauro a ɗakin, ba za ta ƙara ɗaukar komai a banza ba. Har na yi ritaya na zauna a gidanmu na Unguwar Dosa halin bai sake ni ba. Mahauci in ya ƙara mini tsoka ban roƙa ba, sai na shinshina ta kafin in sa a tukunya. Maigidana, wanda kowa a layinmu ke kira Malam, yakan ce da ni aka ba tsaron bakin iyaka da ko allura ba ta shigo ƙasar nan ba.

Malam ma'aikacin safiyo ne, masu awon filaye, da idonsa ya ci abinci har ya bar aiki. Hawan jinin ido ya shigo masa a hankali, ya fara cin gefe da gefe, yana tafiya yana bugun ƙofa da kafaɗa yana cewa ƙofar ce ta matse, har ranar da ya miƙo mini hannu a tsakar gida da rana tsaka ya ce in kai shi ɗaki. Likitan asibitin ido bai ɓoye mana komai ba. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, amma a ci gaba da ɗiga magani saboda ciwo, da kuma ɗan abin da ya saura in akwai. Malam ya ji farkon maganar ya ce Alhamdulillahi. Ni kuwa wannan "in akwai" na tsinta na ƙulle a bakin zane. Maganin 'yar kwalba ce da ba ta kai babban yatsana ba, sharaɗinta kuma a ajiye ta a sanyi. Tun daga lokacin firjinmu ya fi ƙarfin zoɓo da ragowar miya. In an ɗauke wuta ba na barin kowa ya buɗe shi.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Alhaji. Shi da Malam tare suka fara aikin gwamnati suna samari, tare suka sayi fili tun unguwar tana gonaki. Ni da marigayiya matarsa muka matsa aka huda 'yar ƙaramar ƙofa a katangar, don mun gaji da neman mayafi saboda aron gishiri. Bayan ta rasu, idon Malam kuma ya rufe, sai ƙofar ta koma ta maza. Kullum bayan la'asar Malam zai bi bango da hannu ya shiga, su zauna a ƙarƙashin rumfa suna gardamar siyasar da masu ita suka daɗe a ƙasa. Ban da masallaci, wannan ita ce duk fitar da ta rage masa.

Da Alhaji ya bar aiki sai ya buɗe ɗakin sanyi a gaban gidansa, yana sayar da kifi da kaji. Matan Hayin Banki da na Rafin Guza masu suya a wurinsa suke sari. Wutar gari kuwa kowa ya san halinta, ta zo yanzu ta tafi an jima, shi kuwa kifi ba ya jira. Sai autarsa, wadda ta karanci injiniyan lantarki take aiki a Abuja, ta zo da ma'aikata suka shimfiɗe masa kwanon rufi da farantan sola kaf, har kan gareji. Yarinyar nan a bayana ta yi rabin goyonta, Mama take ce mini, kuma ina alfahari da ita. Sola ma ba baƙon abu ba ne a layinmu, gidaje da yawa suna da ɗan farantinsu na fitila da cajin waya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da aka ce wannan an haɗa ta da layin gari. Wai in rana ta take, ɗakin sanyi ya sha ya ƙoshi, rarar sai ta bi waya ta koma layin da dukanmu muke sha. Na ce a sake faɗa mini. Tun da nake ban taɓa jin mutum ya mayar wa masu wuta da wuta ba. Na ce a raina, da walakin goro a miya.

Farkon damina ne fankar falonmu ta canza murya. Tsohuwar fanka ce, tun ta aurenmu kusan, na san kukanta kamar yadda na san tarin Malam. Sai ga wani ƙugi ya shigo ƙarƙashin kukan nata, siriri amma mai naci, irin wanda mutum ke ji a haƙori. Na sa aka zuba mata mai, ba ta daina ba. Bayan firji ya fara zafin da ba a iya ɗora masa hannu. Kwan fitila sabo fil sai ya mutu ba dalili. Taransifomar bakin layi ma, in ka wuce ta da rana, sai ka ji tana gurnani.

Nan tsohuwar sana'ata ta motsa. Na sa ido na sa kunne. Da sassafe, ko da akwai wuta, fankar lafiya lau take. Hantsi na ɗagawa ƙugin zai fara. Da azahar sai ya cika falon, da magariba ya ɓace kamar ba a yi ba. In kuma an ɗauke wutar gari, mu da ba mu da komai sai mu zauna shiru da zafi. Na fita tsakar gida na ɗaga kai na ga farantan Alhaji suna ƙyalli a saman katanga, sai na ce to, biri ya yi kama da mutum.

Wanda na fi tausaya wa shi ne Malam. Mutumin da kunne kaɗai ya rage masa, a zo kuma a cika masa shi da ƙara. Sai in gan shi zaune a kujerarsa ƙarƙashin fankar, ya karkata kai gefe, carbi a hannu ya tsaya cak, ya daɗe a haka.

"Ƙarar nan tana damun ka, ko?" na tambaye shi.

"Bar ta, Malama, ai ba ta cizo."

Ban yi mamaki ba. Mutum ne da ko ƙaya ya taka ba zai ce wash ba, balle a ce laifin daga gidan abokinsa yake.

A cikin kwanakin nan ne wani abu ya faru da ya sauya mini lissafi gaba ɗaya. Ina madafa ina gyaran kayan miya, na yi shanya a igiya, sai na ji muryarsa daga falo.

"Malama, kwashe shanyarki. Hadari na haɗowa."

Na fito ina mita, don da na shiga madafar rana ce ƙwal. Ina ɗaga kai na ga baƙin hadari ya taso daga gabas ya rufe rana. Babu iska tukuna, babu ƙamshin ƙasa, ko tsawa ba a yi ba. Na kwashe kayan ina kallon ƙofar falo. Bayan kwana kaɗan ya sake. Yana zaune a inda yake, sai ya ce, "Ta lumshe." Can an jima ya ce, "Ta buɗe." Na leƙa taga, haka abin yake, gajimare ne ya gifta ya wuce.

Na ce mutumin nan yana ganin haske. Ko dai bai tabbata ba yana tsoron faɗa, ko kuma ya sani yana ɓoye mini don kada in sa rai. Na shiga gwada shi irin gwajin 'yan aji. Na zo a hankali ba takalmi na wuce da hannuna ta gaban fuskarsa, ko ƙiftawa bai yi ba. Na ce ai hannu ƙaramin abu ne, rana kuwa babba ce, dole da ita za a fara. Na matsar da kujerarsa ta fuskanci taga, na ce masa shara nake. Ban gaya wa kowa ba, ko 'ya'yanmu da ke bugo waya, don abin da kake so ƙwarai ba ka baza shi a bakin mutane. Amma na yi murna, murnar da na daɗe ban yi irinta ba. Ina sujada ina kuka ina roƙon Allah ya ƙara. Kwalbar maganin nan kuwa, da hannu biyu nake ɗauko ta, lokacinta ba ya wucewa ko me nake yi.

Sai firjin ya mutu. Na buɗe shi wata azahar na ji iska mai ɗumi ta bugi fuskata, na damƙi kwalbar na ji ta kamar an ajiye a aljihu. Mai gyara ya zo ya kwance bayansa, ƙaurin ƙonewa ya cika madafar. Ya ce injin ne ya ƙone.

"Hajiya, ba gidanki ne na farko ba a layin nan. Na auna wutar, ba ta yi yawa ba, ba ta yi kaɗan ba, amma dai ba ta da lafiya. Ni iya abin da na sani ke nan."

Ai ni ya ishe ni. Na yafa mayafi na tura 'yar ƙofar katanga, na tarar da Alhaji a rumfa yana jin rediyo. Ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba, na juye masa duk abin da ke cikina, tun daga fanka har taransifoma.

"Haba Malama, zauna mana. Innalillahi. Maganin mutumina? Kawo shi nan, ga ɗakin sanyi, ko ɗakin gaba ɗaya kike so na ba ki."

"A'a, Alhaji. Ana cizo ana hurawa ke nan. Ka kashe abin nan da ke kan rufinka."

"Wallahi ban san inda ake kashe shi ba. Auta ta hana ni taɓa komai. Ga kuma kayan mutane a ciki. Bari in kira ta yanzu."

Na ce uhum. Mutumin da ya riƙe sashe guda a ma'aikata, wai bai san makunni ba. Na dawo gida na tura ƙofar na zura mata sakata, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka huda ta, har sai da na buga da dutse saboda tsatsa. Da la'asar Malam ya bi bango kamar kullum, hannunsa ya sauka kan sakatar. Ya ɗan tsaya, ya juyo ya koma kujerarsa. Na aika aka sayo sabuwar kwalba, na saka ta a kular ruwan sanyi tare da ƙanƙarar da nake sayowa daga can wajen Kawo, don ko ƙanƙarar layinmu na daina yarda da ita.

Ranar Asabar auta ta iso. Ta ƙofar titi ta shigo, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta gaishe da Malam, ko kallon sakatar ba ta yi ba, abin da ya nuna mini an gaya mata. Ta ce tana so ta auna wutarmu. Na ce bismillah, amma ina tsaye. Ta buɗe akwatin da ke kusa da mita, ta maƙala wa waya wani abu mai baki kamar awartaki, ta juyo mini da fuskar na'urar da ke hannunta.

"Mama, wuta ba miƙe take tafiya kamar ruwan famfo ba. Lilo take yi, gaba da baya, da saurin da ido ba ya gani. In lafiyayya ce, lilon santsi yake, ga shi kamar haka." Ta nuna mini wani zane mai hawa da sauka sumul, kamar kunyoyin gona. "Wannan kuma ita ce ke shigowa gidan nan yanzu."

Na gyara tabarau. Zanen namu yana hawa yana sauka shi ma, amma duk jikinsa haƙora ne kamar bakin zarto.

"Waɗannan haƙoran su muke kira datti. Ƙananan lilo ne da suka hau kan babban, suna gudu fiye da shi. Fanka da firji ba su san abin da za su yi da su ba, sai su mayar da su zafi da ƙara. Shi ya ƙona miki firji."

"Daga ina suke?"

"Kaɗan daga mai walda na bakin layi, kaɗan daga cajojin waya da fitilun kowa. Amma mafi yawansu da rana daga gidanmu ne. Inbatarmu, na'urar da ke juya wutar rana ta koma irin ta layi, yayyanka ta take yi tana jerawa, ga kuma injinan ɗakin sanyi. Layin ya tsufa, ba shi da ƙarfin shanyewa, sai abin ya bazu gidajen mutane. Ya kamata in auna tun farko, ban yi ba. Ki yafe mini, Mama."

Gaskiya na so ta ɗan yi musu. Na shirya mata maganganu tun daren jiya, sai ga shi ta bar ni da su a baki. Kuma a aji na koya cewa yarinyar da ta yi saurin miƙo takardar da ke hannunta, sau da yawa akwai wata a safa. Na tambaye ta mafita. Ta ce akwai na'urar da za a sa ta tace wutar kafin ta fita layi, amma sai an kawo ta daga Legas.

Aka shiga jira. An gyara firjin, amma ba na jona shi sai rana ta faɗi. Sakata tana nan a zure. Malam ya rage magana, abincinsa ma ya ragu, na gani kuma abin ya dame ni, sai dai na ce ido ya fi hira. Labarin rana dai bai daina ba ni ba, ta lumshe, ta buɗe, kowanne kuma sai in leƙa in tabbatar in ƙara a kan na jiya.

Wata safiya ina shara sai na ji Alhaji ta bayan katanga yana ɗaga murya.

"Malama! Ki kwantar da hankalinki, matata na hanya, jibi za ta iso!"

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na shiga falo ina huci na ce wa Malam ka ji abokinka, ana fama da wuta shi aure ma ya ɗaura a ɓoye, zai kawo wata ɗakin ƙawata ko a gaya mana. Malam ya yi dariya har da tari, har sai da na miƙa masa ruwa.

"Matatar wuta, Malama. Abin tata. Wace mace ce za ta auri wannan tsoho mai ƙarnin kifi?"

Na ji kunya, amma na ji daɗin dariyar, don rabona da jin ta tun ranar sakata.

Ranar da za a haɗa na'urar na ce sai na gani da idona. Na zagaya ta titi na shiga gidan Alhaji kamar baƙuwa. Akwati ne na ƙarfe, fari, tsawonsa ya kusa kai ƙirjina. Abin da na fara lura da shi shi ne inda suka kafa shi: jikin katangarmu, daidai bayan madafata. Nan take abin da ya kwana yana ci na ya fito. Ni kullum da safe nake tace gasarar kokon Malam. Na san tata. Ka zuba a ƙyalle ka matse, mai kyau ya sauka a roba, dusa ta saura a hannunka, kuma dole ka nemi inda za ka zubar da ita. Tun da aka halicci duniya ba a yi tatar da ba ta bar dusa ba.

"Ke auta, zo nan. Kin ce wannan tace wuta zai yi?"

"Eh, Mama."

"To ina dusar za ta?"

Ma'aikatan suka tsaya da aiki. Ɗaya ya juya baya yana gyaran hula.

"Ina tambaya ne. Ku ku sha mai kyau, dattin kuma ku turo shi ta katanga, tun da gidana ne a kusa? Shi ya sa aka manna shi a nan?"

Alhaji ya buɗe baki, autar ta ɗaga masa hannu. Ba ta yi dariya ba, kuma wannan na yaba mata. Ta ɗan yi tunani, sannan ta ce, "Mama, sunan ne ya ruɗe mu duka. Ba irin tatar koko yake yi ba. In miyar yakuwa ta yi tsami kika jefa mata kanwa, ina tsamin yake zuwa?"

"Ba ya zuwa ko'ina. Mutuwa yake."

"To haka wannan yake. Saurarar wutar yake yi koyaushe. In ya ji haƙori ya taso sama, sai ya aika da wani daidai shi ta ƙasa, su haɗu su kashe juna. In dattin ya ƙaru ya ƙara, in ya ragu ya rage. Kamar mai girkin da ba ta ajiye ludayi, tana ɗanɗanawa tana gyarawa. Ba ya tara komai, balle ya zubar. Nan kuma muka sa shi saboda nan wayar layi ta shigo."

"Kanwa in ta yi yawa ai ɓata miya take."

"Shi ya sa zan bar awartakin nan a gidanki har mako ya zagayo. Ki riƙa dubawa da kanki."

Na ce za mu gani. Duk da haka sai da na sunkuya na leƙa ƙarƙashin akwatin, na shafa bayansa ko akwai wani bututu da ya nufi gidana. Ban sami komai ba sai wayoyi.

Wajen azahar suka gama. Akwai wutar gari, rana kuma ta take, sararin sama wanke tas bayan ruwan jiya. Autar ta riƙe mini na'urar aunawa a gabana, haƙoran nan suna rawa a kan zanen. Ta ce wa ma'aikacin ya kunna. Ina kallo suka ɗan yi tsalle, suka lafa, suka kwanta, zanen ya koma sumul kamar wanda ta nuna mini da farko. Alhaji ya ce Allahu Akbar. Ni kuwa a raina na ce shi ke nan, maganin Malam ya tsira, yau firjina zai wuni a jone. Saboda ɗoki na nufi 'yar ƙofar katanga na tura, na ji ta gam. Na manta ni na kulle ta daga ɓangarenmu. Haka na sake zagayawa ta titi, rana na dukan ƙeyata.

Tun daga zaure na ji bambancin. Falon ya yi tsit, fankar na juyawa da tsohuwar muryarta. Malam yana kujerarsa, fuskarsa na kallon taga inda na ajiye shi, haske ya zubo masa har cinya. Ya karkata kai fiye da kullum.

"Malama, ke ce?"

"Ni ce."

"Yi sauri ki kwashe shanyarki. Wannan hadarin babba ne, lokaci guda ya rufe."

Na kalli taga. Hasken har kashe ido yake.

"Babu hadari, Malam."

"To an ɗauke wuta ke nan."

"Ga fanka na juyawa a kanka."

Ya ɗaga hannu sama ya ji iskar a tafinsa. Ya daɗe da hannun a sama kafin ya sauke.

"Au. Sun tace ta ke nan."

Na dafa hannun kujera na zauna a ƙasa kusa da shi, na tambaye shi da me yake gane rana duk kwanakin nan. Ya nuna sama da carbinsa.

"Da wannan mana. In ta yi ƙugi sosai, rana ta take. In ta sassauta, gajimare ne ya gifta. In ta yi ƙasa ta zauna, hadari ne. Har na fara gane azahar da ita kafin ladan ya kira. Na ɗauka kin sani."

Ban sani ba. Ni da nake ganin ko ƙuda bai isa ya gifta ban gane inda ya dosa ba, na zargi Alhaji, na zargi yarinyar da na goya, na zargi akwatin ƙarfe, abu ɗaya ne ban tsaya na bincika ba, don ina son sa da yawa. Baƙin cikin da na ji a ranar ya fi na ranar da likita ya yi mana bayani, domin wancan karon ban sa rai ba. Na toshe bakina da gefen mayafi don kada ya ji, amma makaho ba a ɓoye masa numfashi. Ya lalubo kaina ya dafa.

"Me kika zata, Malama?"

"Ba komai."

Bai ɗauke hannunsa daga kaina ba. Na san ya gane, shi ma ya san na sani. Can ya gyara murya ya ce, "To tashi ki jona firjinki, maganin yana rage mini ciwo. Ki kuma zare sakatar nan. In an yi la'asar zan je in tambayi mutumina dalilin da ya sa ya ba ni rana ya kuma ƙwace."

Na ce to. Na miƙe, har na kai ƙofa ya kira ni.

"Yanzu ya take?"

Na koma bakin taga na duba da kyau, don kada in faɗa masa abin da ba shi ba. Na ce rana ta take, babu ko ɗigon gajimare, inuwar mangwaro ta tattare a gindinsa, farantan Alhaji suna ƙyalli, ƙadangare ma ya hau katanga yana shan ta.

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da jan carbinsa.

"To bar shanyar ta bushe."